Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Zamana a Sansanin Za'atari

A makon jiya na tsaya a inda ƙungiyar agajin da nake yi wa aikin ungozoma ta tura ni Jordan a shekarar 2018. Sansanin Za'atari yana cikin hamadar lardin Mafraƙ, dab da iyakar Siriya, kuma an buɗe shi ne a watan Yulin 2012 da zaton cewa 'yan gudun hijirar Siriya za su ɗan fake kafin yaƙin ƙasarsu ya lafa. Da na isa, na tarar da mutum kusan 80,000, mafi yawansu daga lardin Dar'a na kudancin Siriya, an sauya musu tantuna da ɗakunan ƙarfe da ake kira karafan.

Waɗannan ɗakuna su ne suka fi tsaya mini a rai. Da rani suna ɗaukar zafi kamar tanda, da hunturu kuma sanyi yana ratsa su har ƙashi, ga yoyo idan an yi ruwa. Duk da haka ba a yarda kowa ya yi ginin dindindin da bulo ba, domin a hukumance zaman na wucin gadi ne. Magidanci yakan haɗa karafan biyu, ya rufe tsakaninsu da kwano, matarsa ta shuka na'ana'a a gwangwani, a shimfiɗa katifu don baƙi. A ganina babu abin da ya fi gajiyar da mutum irin a ce masa ya zauna amma kada ya kafu.

Wutar lantarki tana zuwa daga tashar hasken rana da Jamus ta ɗauki nauyinta a 2017, ta wasu sa'o'i kawai a yini, don haka wanki da cajin waya da karatun yara duk sai su jira zuwanta. Abinci kuwa ana sayensa a manyan kantuna, inda na'ura ke duba ƙwayar idon mai saye ta cire kuɗin daga tallafin Hukumar Abinci ta Duniya. A babban titin kasuwa akwai masu gyaran keke, da masu suyar falafil (wani irin ƙosai), har da masu hayar rigunan amare.

Ni dai aikina yana ɗakin haihuwa, inda na karɓi jariran da za a rubuta su 'yan Siriya alhali ba su taɓa ganin ƙasar ba. Wasu daga cikin iyayen ba su kai shekara goma sha takwas ba, kuma labarinsu zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya yarda.