Godiya bayan walimar ajiye aiki

Assalamu alaikum. Tun ranar Asabar da aka watse daga walima wayata ba ta huta ba, kuma ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan. Alhamdu lillahi, na cika shekara 35 ina aikin injiniyan injuna a ɓangaren ruwa. Dokar aikin gwamnati ta ce idan ka cika 35 a bakin aiki ko 60 da haihuwa, sai ka ba na baya wuri. Na fito da yatsuna goma cif, a sana'ar da bel da fanka ba su san babba ba.

Akwai wanda ya fi kowa cancantar godiyata, kuma bai zo walimar ba, ƙasa ta riga ta rufe masa ido. Wani dattijon makanike ne da na tarar a gidan famfo lokacin da na zo da takardata ina jin kaina. Ko aji ɗaya na boko bai yi ba. A watana na farko, ana tsakiyar zafin bazara, na haɗa famfo da injin da ke juya shi ban daidaita su sosai ba. Baba bai ce mini uffan ba. Sai ya ɗauko doguwar sukundireba, ya kafa bakinta a gidan boris, ya manna ƙotar a kunnena, ya ce, "Injiniya, wanga famfo shina magana. Mi ka ji?" Na ji wani ƙurr-ƙurr kamar ana niƙa tsakuwa. Daren nan muka kwana muna kwancewa, shi yana riƙe mini tocila, bai taɓa faɗa wa kowa laifina ba ne. Har na bar aiki, duk da na'urorin auna girgiza da suka zo daga baya, sai na fara kafa sukundireba tukuna. Allah ya jiƙan Baba, ya sa aljanna ce makomarsa.

Na gode wa abokan karatuna da suka yi tattaki. Da na dube mu zaune a tabarma ɗaya sai dariya ta kama ni, don allon zane ɗaya muka yi wa layi amma kowa da inda ya ɓulla. Ɗaya ya ƙare a kamfanin siminti na Kalambaina, wanda tun 1967 yake aiki a nan Sakkwato. Ɗaya matatar man Kaduna ta ɗauke shi. Wani ya koma koyarwa a kwalejin kimiyya da fasaha, wani kuma tun da wuri ya ajiye sufana ya buɗe shagon kayan gyara, yau shi ne mai kuɗinmu. An sha ce mini in nemi kujerar ofis in huta da baƙin mai. Na gwada, ban ji daɗinta ba. A ganina injiniyan da ya daina zuwa gaban inji, sunan kawai ya rage masa, ko da yake abokina mai shago bai yarda ba.

Yaran da na bari a wurin aiki, ku ma malamaina ne. Na haura hamsin kafin ɗaya daga cikinku ya zaunar da ni gaban kwamfuta ya koya mini AutoCAD, manhajar zanen injiniyoyi, yana danne dariya ina neman inda zan goge layi. Ku kuka nuna mini famfon sola, da ba don haka ba da tuni aikin ya wuce ya bar ni. Leburori, masu walda, direbobi da masu gadi, Allah ya saka muku da alheri.

Uwargida Hajiya, ke kika san yawan rigunan da giris ya ci, da sahur nawa na yi a gidan famfo. Ba ni da bakin gode miki.

Duk wanda na yi wa tsawa a bakin aiki, don Allah ya yafe mini, ni ma na yafe wa kowa. Sannan akwai wanda ya manta hularsa, zanna bukar ruwan toka, a wurin walima. Tana gidana, ya zo bayan la'asar mu sha shayi ya karɓa.