Idan teku ta jefo dolfin bakin gaɓa

A watan Afrilun 2021 dolfin (wata dabbar teku mai kama da babban kifi) da yawa suka maƙale a gaɓar Axim, ƙasar Gana, wasu mutane suka kwashe su don nama. Jama'a, naman dabbar da ba a san abin da ya fito da ita ba haɗari ne.

Dolfin ba kifi ba ne. Da huhu yake numfashi, ta ƙofar da ke saman kansa. A tudu zafi ke saurin kashe shi, domin kitsen jikinsa yana riƙe ɗumi, fatarsa kuma tana tsagewa a rana.

In an same shi da rai, a kwantar da shi a kan cikinsa, a tone rairayi ƙarƙashin fikafikansa don kada su lanƙwashe. A lulluɓe bayansa da jiƙaƙƙen zane, a riƙa yayyafa ruwan teku, amma ko ɗigo kada ya shiga ƙofar numfashin. Kada a ja shi ta wutsiya, ƙashin bayansa na iya gocewa. Gaggawar tura shi ruwa ma ba taimako ba ce: mara lafiya zai nutse ko ya sake dawowa. A rage hayaniya, a kira jami'an hukumar kamun kifi.