Babura biyu da manaja ɗaya: abin da na koya kafin na ajiye aiki

Yanzu da na miƙa makullan ma'ajiyar injuna na bar gonar, babu abin da zai hana ni faɗin yadda aka yi batun baburan nan masu ƙafa huɗu. Waɗanda muka yi aiki tare sun san wutsiyar maganar, amma kaɗan ne suka san kanta.

An umarce ni in rubuta rahoto a kan wanda ya kamata a saya tsakanin Honda Foreman 520 da Polaris Sportsman 570. Dukansu injunan aiki ne na gaske, kuma har gobe ba zan kushe ko ɗaya ba. Sportsman yana da inji mai cc 567 da ƙarfin doki 44, giyarsa otomatik ce mai aiki da bel, kuma kowace tayar baya tana da shok ɗinta, tana hawa da sauka ita kaɗai. Shi ya sa yake da laushin tafiya a kan kunya da duwatsu, cikinsa kuma ya fi nisa da ƙasa. Foreman injinsa cc 518 ne, babu bel a giyarsa, haƙoran ƙarfe ne, da ƙafa ake canza ta ko da maɓalli a wani samfurin. Tayoyin bayansa a kan sanda ɗaya suke. Yana da jijjiga, wannan ban ɓoye shi a rahoton ba. Wanda ya wuni a kansa, bayansa zai gaya masa.

Na ce a sayi Foreman, kuma dalilina aikinmu ne. Mu ba yawon shan iska muke yi ba. Tankin feshi ake ja a hankali cikin layuka tun safe, sai ƙaramar tirelar ruwa da ake kai wa dabbobi, a tsaya, a tashi, a sake tsayawa. A Foreman maƙalin tirela yana jikin sandar tayoyin baya, nauyin bakin tirelar yana sauka kai tsaye a kan tayoyi, bayan babur ba ya durƙushewa. Ka sa giya ta ɗaya ko ta biyu, ya riƙe tafiya ɗaya, feshi ya fita daidai. Babban dalilin kuma shi ne mahayan. Ma'aikatanmu na wucin gadi ne, yau wannan gobe wancan. Inji mai bel yana son direban da ya san cewa idan za a ja kaya ko a yi tafiyar hawainiya, sai a ƙaramar giya. Littafin da ke zuwa da shi ya faɗi haka ƙarara. Idan aka ja nauyi a babbar giya, bel yana zamewa, ya yi zafi, ya ƙone.

Manaja bai karanta rahoton ba. Na tabbata, domin a taron ya yi mini tambayar da amsarta ke shafin farko. Abin da ya gani lamba ce a takardar dila: Sportsman yana jan sama da kilo 550, Foreman kuwa kusan kilo 385. Ya hau Sportsman ya zagaya filin da ke gaban ofis, babu tirela babu kaya, ya sauko yana cewa wannan shi ne inji. Na ce, ranka ya daɗe, lambar gaskiya ce, amma tirelarmu ko an cika ta ba ta kai abin da Foreman zai gaza ba. Ya ce ni mutumin da ne, ina tsoron sabon abu.

Ban yi fushi da zaɓin ba. Shi ne shugaba, kuma injin da ya zaɓa zai iya aikin idan an bi ƙa'idarsa. Abin da na roƙa bayan nan biyu ne kawai: a ba ni rabin yini in koya wa mahaya lokacin sa ƙaramar giya, a kuma ajiye bel na safaya a ma'ajiya. Ya ce otomatik ba ya buƙatar koyarwa, maƙura kawai ake dannawa, safaya kuma ɓarnar kuɗi ce.

Ana tsakiyar feshi bel ya ƙone a hannun wani yaro da babu wanda ya taɓa nuna masa komai. Aiki ya tsaya ana jiran kayan gyara, ƙwari suka ci abin da suka ci. Aka sallami yaron, ni kuma aka ba ni takardar tuhuma wai ban kula da injuna ba. A gaban masu gonar manajan ya ce ai ni na yi nazarin sayen. Ban san sau nawa na maimaita wannan jumlar a raina ba. Na fito da kwafin rahoton da takardar da na nemi izinin koyarwa, da sa hannunsa na ƙin amincewa a ƙasanta. Ɗakin ya yi tsit, aka janye tuhumar, amma babu wanda ya ce mini yi haƙuri, kuma ba a dawo da yaron ba. Wannan na biyun shi ya fi ci mini rai.

Daga baya na koyar da mahayan a lokacin hutuna, ba da izinin kowa ba, kuma har na tafi ba a sake ƙona bel ba.

Ga wanda zai gaje ni: idan za a gwada babur, a ɗaura masa tirelar da zai ja, a bai wa wanda zai wuni a kansa ya hau. Duk shawarar da ka bayar, ka rubuta, ka ajiye kwafi. Kada ka yarda a yi goyo a babur mai kujerar mutum ɗaya, ko manaja ne ya ce. Hular kwano dole ce. Tayoyin babur ɗin iska kaɗan suke sha, ma'auninsu na musamman yana aljihun teburina na hagu. A wanke filtar iska akai-akai lokacin ƙura. Bel na safaya da na sa aka sayo yana saman kantar da ke bayan ƙofa, ba ya cikin lissafin ma'ajiya.