Zaman Kobe, garin da ba a doguwar gaisuwa

A ƙarshen watan Maris, a hanyata ta zuwa karatu a birnin Kobe na ƙasar Japan, jirginmu ya sauka a filin jirgin sama na Kansai, wanda aka cike teku aka gina a gaɓar Osaka, aka buɗe shi a 1994. Shekarar karatun Japan a watan Afrilu take farawa, don haka layin shige da fice maƙil yake da ɗalibai irina. Nan take suka ba ni katin zama, suka ce in kai adireshina ofishin hukumar unguwa kafin kwana 14. Wani ɗalibi da ke gaba da ni a aji, wanda jami'a ta haɗa mu, shi ya raka ni. Ya cike mini takardun inshorar lafiya, wadda ke ɗaukar kashi 70 cikin 100 na kuɗin asibiti, sannan ya kai ni aka yi wa kekena rajista. E, har keke.

Tun daga gida abinci nake tsoro, ashe shi ne mai sauƙin. Na haddace harafin da ke nufin alade da na giya, ina juya bayan kwali ina dubawa kamar mai neman sunansa a allon sakamakon jarrabawa. Mai ɓuyan shi ne mirin, giyar shinkafa mai zaƙi da suke tarfawa a miya da romo. Sai na riƙe kifi da ƙwai da shinkafa, nama kuma sai ranar Juma'a, daga shagunan halal da ke kusa da Masallacin Kobe. An gina masallacin a 1935, babu wanda ya girme shi a ƙasar, kuma ya tsallake ruwan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu da girgizar ƙasar 1995 da ta ragargaza garin. Sahu ɗaya za ka ga ɗan Indonesiya da ɗan Pakistan da Bajapane.

Abin da ya ci mini rai shiru ne. Jirgin ƙasa cike taf da safe, kafaɗa na gogar kafaɗa, amma ba ka jin ko tari, balle wani ya ɗaga waya. Maƙwabciyata, wata dattijuwa, kullum muka haɗu sai ta ɗan sunkuyar da kai ta wuce. Babu ina kwana, babu ya gajiya, babu ya mutanen gida. Na yi ta tunanin ko ba ta son baƙo ne. Gida kuwa awa takwas ne tsakaninmu: lokacin da Inna ta idar da sallar Isha'i tana son hira, ni nan asuba ta kusa.

Wata safiya na fito da shara, sai dattijuwar nan ta tare ni da wata takarda. Jadawalin kwasar shara ne: ranar wadda ake ƙonawa daban, ranar gwangwani da kwalba da gorar roba daban, kowacce da irin ledarta. Da alƙalami ta bi ta zana hoton kowane abu a gefen ranarsa, tunda ta san ba na karanta rubutunsu. Zanen nan ya ci lokaci. Na hau godiya irin tamu, tana ta ja da baya tana sunkuyawa, kai ka ce ita aka yi wa alherin.

Haka malaminmu yake. Ba ya cewa a'a; idan ka ji ya ja numfashi ya ce abin zai ɗan yi wuya, to magana ta ƙare, kar ka sake tayar da ita. Ni dai har yau ina ganin wannan kewaye-kewaye yana ɓata wa ɗalibi lokaci. Amma shi ɗin ne, da ya lura ina fita da gudu kowace Juma'a da rana, ya mayar da zaman tattaunawar ajinmu zuwa Alhamis, bai taɓa faɗin dalili ba. Na je ofis zan yi godiya, na ce, "Sensei (wato malam), na ga an sauya rana." Ya ce shi ma Alhamis ta fi masa, ya miƙo mini babin da na rubuta, jan biro ya cinye rabinsa.