Kan mota da na canza a hanyar Tasawa

A 2022 kawuna ya tura ni Kwatano in raka kwantenar tayil zuwa shagonsa da ke kusa da kasuwar Dole a Damagaram. Wannan ce tafiyata ta farko, kuma a tunanina aikin bai wuce a zauna gefen direba ana cin goro ba.

Kayan da suka sauka a tashar ruwa amma ba don ƙasar Benin aka kawo su ba, ba a biyan kuɗin duwan ɗinsu a can. Ana barinsu su wuce bisa amana, sai dai amanar duwan ba ta tafiya da baki. Dole wani ya tsaya musu: idan kayan suka ɓace a hanya, ko aka sauke su a wani lungu aka sayar, shi zai biya. Wannan shi ne kosiyon. Tsarin ya samo asali daga yarjejeniyar TRIE, ta ratsawar kaya tsakanin ƙasashe ta hanyar mota, da ƙasashen CEDEAO suka sa wa hannu a 1982, inda aka ɗora lamunin a kan cibiyoyin ƴan kasuwa, ana cire ɗan kaso daga darajar kaya ana zubawa a asusu. Tiranziter ɗinmu, wato mai yi mana takardun duwan, wani dattijo mai fama da ciwon gwiwa, shi ma sunansa na cikin SYDONIA, manhajar kwamfutar duwan, a kan kayan namu.

Da muka tsallaka gadar Malanbil muka shiga Gaya, dattijon ya miƙo mini takardar T1, wadda ke raka kayan da ba a biya wa duwan ba tukuna, ya ce, "Ɗana, karanta." Lambar kan mota, lambar tirela, lambar pulom, wato hatimin da ke kulle ƙofar kwantena, biron da za a kai kaya, da ranar da wa'adi zai cika. Na duba sama-sama na cusa a jaka.

Doso, Dogon Dutsi, Konni, Maraɗi, duk lafiya lau. Mun wuce Tasawa kaɗan injin ya yi wata ƙara ya mutu. Kwana biyu bakanike na kwance ƙarƙashin mota, kawu kuma na bugo waya safe da yamma. A rana ta uku na yi dabarar da nake ganin ta masu wayo ce: na yi hayar wani kan mota daga Damagaram, aka jona tirelar, muka shigo gari da la'asar ina jin kaina. Ai ban taɓa pulom ba, to mene ne laifi?

Ma'aikacin duwan ya zagaya motar da takarda a hannu. Ya tsuguna gaban kwantena, ya goge ƙurar pulom da babban yatsa, lamba ta yi daidai. Ya dawo gaba ya kalli farantin lambar mota, ya kalli takarda, ya kalle ni. "Malam, wannan motar ba ita ta baro Gaya ba." Wa'adin ma ya wuce da kwana ɗaya. Kuma gaskiyarsa: daga inda yake tsaye ba shi da hanyar sanin abin da ya faru a daji tsakanina da kayan.

Abin da ya kamata in yi bai kai wahalar abin da na yi ba. Da na sanar da duwan mafi kusa tun ranar da mota ta lalace, su zo su gani, su rubuta rahoto, su shaida canjin kan motar, da takardata ta tafi da hujjarta. Rashin wannan ya ja mana amandi da kuɗin kwanakin ajiya a magaza. Wanda ya fi ba ni kunya shi ne dattijon nan. Muddin ba a wanke T1 a kwamfuta ba, wato a shaida kayan sun isa biron da aka nufa, nauyin kayanmu na wuyansa. Ya bugo mini bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ɗana, kai kayanka sun isa gida, ni har yanzu ina kan hanya."

Kawu bai yi faɗa ba, ya dai cire amandin daga rabona.

Bayan rufe iyakar Gaya a 2023, kayanmu suka koma biyowa ta Lome, su ratsa Burkina cikin ayari da rakiyar sojoji, jira ya ninka. Yanzu kafin mota ta motsa nakan ɗauki hoton T1, da faranti, da pulom, in tura wa dattijon. Ba na kuma biyan direba cikon kuɗinsa sai na ga shaidar an wanke takarda da idona.