Abin da Na Koya Game da Tantance Ƙirƙirar Manhaja a Riyad

Yawancin takardun neman haƙƙin ƙirƙira na manhajar kwamfuta da suke biyowa ta hannuna a Riyad, kafin a miƙa su ga hukumar Saudiyya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, a kan tambaya ɗaya suke tuntuɓe: shin ma'abocin fannin, da iliminsa na yau da kullum, zai kai ga wannan dabara ba tare da wata hikima ta musamman ba? Idan zai kai, to, ko da ba a taɓa yin abin ba, ba za a ba shi kariyar shekara 20 ba.

Wahalar aikin ita ce mai tantancewa ya riga ya karanta amsar kafin ya yi tambayar, kuma kowace dabara takan zama mai sauƙi a ido bayan an gan ta. Dole ne ya mayar da tunaninsa ranar da aka shigar da takardar, ya riƙe abin da aka sani a lokacin kaɗai. A ganina, a nan ne adalcin aikin yake.

Hukuncin da ya fi buɗe mini ido shi ne na kamfanin sadarwa COMVIK, wanda ofishin haƙƙin ƙirƙira na Turai ya yanke a 2002. Ƙirƙirar da ake magana a kai katin SIM ne mai lamba biyu, domin a raba kuɗin kiran ofis da na gida. Alƙalan suka ce raba kuɗi tsarin gudanarwa ne, saboda haka ba ya shiga ma'aunin hikimar. Abin dubawa shi ne ko yadda aka aiwatar da shi a na'ura ya ƙunshi hikimar fasaha. Aka tabbatar da soke haƙƙin ƙirƙirar. Kotun Ƙolin Amurka ma, a shari'ar KSR ta 2007, ta nuna cewa haɗa sanannun abubuwa biyu da suka ba da sakamakon da kowa zai zata ba kasafai yake isa ba.

Da wannan na amsa wa wani ɗan kasuwa Bahaushe daga Jidda, wanda ya zo da manhajar adashi tana lissafa zubi da kwasa.

"Alhaji," na ce masa, "adashin kowa ya san shi, kuma mayar da littafin uwar adashi cikin waya duk mai rubuta manhaja zai iya. Amma ka ce tana daidaita lissafi tsakanin wayoyi ko da intanet ya yanke. Yaya take yin haka?"

A kan wannan ɓangaren muka gina takardar, mataki-mataki, tare da injiniyansa.