Tarwadar Kawu

Laraba, bayan isha'i.

Hunturu ya kankama. Da asuba da na tsoma hannu a tankin baya sai da na janye shi da sauri, kifin duk sun lafe a ƙasa. Na rage musu awo, na ce wa Auta kada ya sake watsa musu komai sai rana ta ɗaga. Tarwada ruwa mai ɗumi take so, wajen digiri 26 zuwa 30. In ya yi sanyi cinta raguwa yake yi, abin da ta bari kuma ya ruɓe ya ɓata ruwan.

Ina cikin shan koko Kawu ya bugo waya. Wai in zo yanzu-yanzu, kifinsa na mutuwa.

Kun san yadda muke da shi in aka zo maganar kiwo, amma na hau babur na tafi. Na tarar yaransa sun tsamo matattun sun zuba a bokiti. Wasu da jan gyambo a gefen ciki, fatarsu ta yi kaushi, babu yauƙin nan da ke sa tarwada ta suɓuce wa hannu. Wasu kuwa kansu ne ya tsage, ƙashin ya dare. Na sa wuƙa na buɗe ɗaya, hantar ta koɗe, ba ta da jan nan na mai lafiya. Na ce a nuna mini inda ake ajiye abinci.

Buhunan tunkuza ne jibge a kan siminti, jingine da bango, tun na damina da ya saya da araha. Na zura hannu na ɗebo. Ta dunƙule, ga kore-kore a jiki, ga warin fumfuna. Da ita yake haɗawa da masara da waken soya a niƙa a yi musu abinci.

Ya ce, "Kai dai gaya mini sunan kafson da zan aika a sayo."

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ni a ganina ba maganar kafso ba ce. Abincin nan ne."

Sai ya yi dariya, irin wadda yake yi in zai kashe magana. "Tarwadar da ke cin mushe a kogi? Tun kana goye nake kama ta a Wudil. Ita ce za ka ce mini ɗan fumfuna zai kashe?"

Yaran suka tuntsire. Ni ma na yi murmushi, don ba a ja da Kawu a gaban 'ya'yansa. Na ce Allah ya sawwaƙe, na ba su shawarar su canja ruwa su tsayar da ba da abinci na ɗan lokaci, na kamo hanya.

Tun daga nan maganar take cina. Na je kasuwa, na biya wajen mai gyaran famfo, na ci tuwon Inna har da ƙari, amma "tarwadar da ke cin mushe" na nan maƙale a raina. Abin haushin shi ne rabin maganarsa gaskiya ce. Tarwada na da juriya, tana rayuwa a ruwan da wani kifin ba zai kwana ba, har iska take shaƙa kai tsaye. Amma ta kogi zaɓa take yi. Yau ƙwari, gobe ƙananan kifi, jibi tsutsa da ganye, duk ɗanye, kuma ga fili. Ta tanki kuwa kamar ɗan makarantar kwana take, abin da aka dafa aka miƙo shi ne kawai, ga cunkoso. In abincin ya rasa wani abu, babu inda za ta je ta nemo.

Ga bitamin C. Akuya tana haɗa nata a hanta, ba ruwanta da kowa. Tarwada ba ta iyawa, yawancin kifaye ma haka, dole sai daga abinci. Da shi jiki ke ɗinke fata da ƙashi, da shi rauni ke warkewa, kuma ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta suna buƙatarsa. Shi ya sa aka daɗe ana danganta tsagewar kan tarwada da karkacewar ƙashin baya da ƙarancinsa. Kuma ba shi da ƙwari, zafin inji da dogon ajiya suna kashe shi, abin da ya sa kamfanonin abincin kifi ke amfani da wani nau'insa da aka sarrafa don ya jure zafi. A haɗin Kawu ko na banza babu.

Fumfunar da ya rena kuwa, ita ta fi tayar mini da hankali. Wadda ke kama gyada da masara in sun sha danshi tana fitar da guba mai suna aflatoksin. Ba jiya aka san ta ba. A 1960 talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bi sawu sai aka tarar garin gyada ne da aka shigo da shi daga Brazil. A shekarun nan ne kuma kansar hanta ta addabi wani kifin ruwan sanyi da ake kiwo a Amurka, nan ma abinci ne, angurya mai fumfuna. Gubar hanta take ci, tana kuma karya garkuwar jiki, kuma dafawa ko niƙawa ba sa kashe ta. Ko ba ta kashe kifin da kanta ba, za ta bar shi ba shi da ƙarfin kare kansa.

Nan ne gyambon ke shigowa. Ƙwayar cutar da ta fi jawo shi, Aeromonas, kusan kullum tana cikin ruwa, har a tankina na tabbata akwai ta. Kifi mai ƙoshi yana zaune da ita lafiya, domin tarwada ba ta da ɓawo, yauƙin jikinta shi ne katangarta, kuma a cikinsa akwai sinadaran da ke narkar da ƙwayoyin cuta. In abinci ya lalace, sanyi ya zo ya ƙara, katangar ta yi rauni, sai cutar ta samu ƙofa. Kawu zai zuba kafso, wataƙila mutuwar ta lafa, amma gobe da safe tunkuzar nan za a sake watsawa. Ga kuɗi sun tafi, ga ƙwayar cuta na koyon jure magani, ga ragowarsa a jikin kifin da za a kai wa masu farfesu.

Babban ɗansa ya raka ni bakin ƙofa yana tambaya ko akwai allurar rigakafi irin ta kaji. Akwai a wasu wuraren. A Norway allura suke yi wa kifin salmon ɗaya bayan ɗaya, kuma ita ta sa suka rage zuba magani ƙwarai tun shekarun 1990. Kifi jikinsa na iya tuna cutar da ya taɓa haɗuwa da ita. Jatan lande kuwa ba shi da irin wannan garkuwar, sai wadda aka haife shi da ita. Da cutar farin tabo ta ɓarke a gonakinsa a ƙasar Sin a 1993 ta yi ɓarna mai yawa, ta bazu ƙasashen Asiya, har yau kuma ba ta da magani. Masu kiwonsa ba su da abin riƙewa sai iri mai tsabta, ruwa mai kyau, da abincin da ake sa wa abubuwa masu zaburar da garkuwa, irin wanda ake cirowa daga yis. Yaron ya saurara da kyau, na ga alamar ya gane, amma ba shi ne mai kuɗin ba.

An ɗauke wuta tun la'asar. Auta ya fasa mini gilashin waya, ya ce wai a hannun kyanwa ta faɗi.

Gobe in Allah ya kai mu zan bi ta wajen Inna. Ita ce yayar Kawu, ita kaɗai ke faɗa masa magana ya sunkuyar da kai. Zan ce mata ta sa shi ya fitar da buhunan nan, ya ɗaure ya sayi abincin kamfani ko da na ɗan lokaci ne, in zai ci gaba da haɗa nasa kuma ya nemi sabuwar tunkuza busasshiya, ya ɗora buhu a kan katako, ya sa garin bitamin. Sai kuma in ja mata kunne a kan abu ɗaya, don na san Kawu: in ya yarda ya ɗauke tunkuzar daga bakin kifi, kajin Gwaggo zai zuba wa.